Kwalta da Motar Kasuwa: Tarihin Sufuri tsakanin Gidan Runji, Maraɗi, Agye da Gazawa

1. Gabatarwa

Wanda ya taso daga Gidan Runji ya nufi gabas bisa hanya mai lamba ɗaya, zai ratsa Tsibiri, ya taɓa Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye da Gazawa kafin ya isa Tasawa. A tsawon wannan tafiya da wuya idonsa ya huta daga ganin gari ko gona. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum kimanin miliyan 3.4, kuma in aka cire Yamai babu jihar da ta kai ta cunkoso. Gundumar Gidan Runji kaɗai ta haura rabin miliyan, Agye tana da kusan 246,000, Gazawa kimanin 160,000, birnin Maraɗi kuwa 267,000 da ɗoriya.

Wannan maƙala tana bin diddigin yadda aka yi mutane masu yawa haka suka dogara ga zaren kwalta guda. Abin da muke son nunawa abu biyu ne. Na farko, an shimfiɗa hanyar daga yamma zuwa gabas saboda dalilan mulki, alhali cinikin ƙasar tun asali tsakanin arewa da kudu yake gudana. Na biyu, abin da ake kira sufurin jama'a a wannan yanki, kusan dukkansa ƴan kasuwa da direbobi da masu babur ne suka gina shi, hukuma tana biye.

2. Kafin mota

Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka koma arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri a kwarin Gulbi. Waɗannan garuruwa sansanonin yaƙi ne, fuskarsu tana kallon kudu. Tsakaninsu da ƙasar da ke ƙarƙashin Sakkwato akwai daji mai faɗi wanda aka bari da gangan, domin kariya ne ga kowane ɓangare.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta nan a watan Janairu na 1851. Ya sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri, ya yada zango a Tasawa, ya wuce Gazawa, wadda ya tarar an kewaye ta da shinge mai ƙarfi da gwalalo, sannan ayarin ya tsallaka dajin zuwa Katsina, daga can sai Kano. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya rabu da shi ya nufi Gobir da Maraɗi. Abin lura a labarin Barth shi ne matsayin Gazawa: ita ce ƙofar ƙarshe kafin daji, inda fatake ke jiran juna don su ratsa a dunƙule. Wato garin ya samu daraja ne daga hanyar Azbin zuwa Kano. A yau motocin da ke ratsa shi sun fi yawa a kan layin Maraɗi zuwa Damagaram, wanda ya gitta waccan tsohuwar hanya.

Sufurin wancan zamani na raƙumi ne da jaki da takarkari da kan ɗan Adam. Madugu ne ke tsara tafiya, rijiya ce ke yanke tsawon zango, sarki kuma yana karɓar fito. Ba a gina hanya a lokacin, sawu ne ke fitar da ita.

3. Iyaka ce ta haifi hanya

Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana baka mai nisan mil ɗari kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingilishi. Sakamakon haka, duk Bafaranshen da ke son zuwa Damagaram ko tafkin Cadi daga bakin kogin Kwara sai ya yi zagaye ta arewa, cikin ƙasa mai ƙarancin ruwa. Rundunar Voulet da Chanoine ta 1899, wadda ta bar toka da gawawwaki daga Ƙonni har zuwa yankin Tasawa, ba ta damu da wannan layi ba, ta bi inda rijiyoyi da hatsi suke. Daga baya gwamnatin Faransa ta nemi ta samu a kan tebur abin da waccan runduna ta bi da bindiga. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tura iyaka kudu, hukumar Tilho da O'Shee ta kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka shiga hannun Faransa.

Hujjar da Faransa ta kafa a wajen tattaunawar ita ce buƙatar hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Cadi. Saboda haka ba laifi ba ne a ce hanya mai lamba ɗaya ta girmi ƙasar Nijar a tunanin masu mulki: an fara tunanin hanyar, sannan aka yanko ƙasar da za ta ɗauke ta. Da aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, aka kuma ɗauke mazaunin kwamandan daga Tasawa zuwa Maraɗi a 1927, sai wannan layi ya zama igiyar da ke ɗaure gabashin ƙasa da fadar gwamna.

Da hannun talakawa aka fitar da ita. Kowane kanto yana ba da mutane ta hannun sarkinsa, su sare itace, su cike kwazazzabai, su ɗauko marmara a kwando, su sake gyara bayan kowace damina. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. An san cewa a shekarun da suka gabaci wannan doka, gidaje da yawa na bakin iyaka sukan tsallaka ƙasar Ingilishi don gudun aikin da haraji. Adeline Masquelier, a wani nazari da ta buga a 2002 game da Arewa, ta nuna yadda mutanen Dogon Dutsi ke danganta wannan hanya da iskoki da haɗari da wahalar kakanni. Binciken nata a can yamma aka yi shi, amma hanyar ɗaya ce, kuma zai dace ɗalibanmu su yi wa dattawan Cadawa da Gazawa irin tambayoyin da ta yi, tun da sauran masu amsawa.

4. Gujiya da rigimar mafita

A ɓangaren tattalin arziki kuwa, abin ya ƙi bin zanen masu mulki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Maraɗi tana da nisan kilomita kamar 90 daga Katsina, amma fiye da 600 daga Yamai, wadda ita kanta ba ta da teku ba ta da dogo. Da noman gujiya, wato gyaɗa, ya kankama daga shekarun 1930, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, sai ya zamana mafi arhar hanyar fitar da kaya ita ce ta Katsina zuwa Kano, daga nan jirgi ya kai Ikko. Jakuna da raƙuma ke kwaso buhuna daga ƙauyukan Agye da Gazawa da ƙasar Gobir zuwa kasuwannin awo, manyan motoci su ɗauka daga nan. Wannan shi ne mafarin motar haya a yankin: motar kaya ce, fasinja yana hawa bisa buhu.

A farkon shekarun 1950 dogon Najeriya ya kasa ɗauke kayan da ke taruwa a Kano, abin da ya sa dalar gyaɗa ta daɗe a tsaye. Hukumar Faransa ta yi amfani da wannan dama ta ɓullo da shirin da ta kira Opération Hirondelle. Sunan tsattsewa aka ba shi saboda kai da kawo: mota ta sauka da gujiya zuwa Paraku, inda dogon Dahome ya tsaya tun 1936, ta hauro da siminti da mai da hajar kanti, don kada ta yi tafiya ɗaya fanko. Hanyar ta fi tsawo, ta fi tsada, sai da tallafi take tsayuwa. An gama gadar Gaya da Malanville a 1958, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar a 1959. Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta gaji wannan manufa ta ƙarfafa ta da kamfanonin ƙasa: SONARA a 1962 don sayen gujiya, SNTN a 1963 don sufuri. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya zo ya ba masu wannan ra'ayi hujja, domin ya nuna haɗarin dogaro da mafita guda.

A nan ne, a ganinmu, ya kamata a nemi dalilin zuba kwalta a hanyar Yamai zuwa Damagaram, aikin da aka yi kashi-kashi a shekarun 1960 da 1970, mafi yawa da kuɗin asusun raya ƙasashe na Turai. Ɓangaren gabas mai nisa, daga Gure zuwa Ngigmi, Kanada ce ta ɗauki nauyinsa, kuma daga nan sunan Hanyar Haɗin Kai ya bazu. Sunan bai ɓoye manufa ba. Ana son Bamaraɗe da Badamagare su riƙa kallon Yamai fiye da yadda suke kallon Kano.

Abin mamaki shi ne, kwaltar ta ƙarasa daidai lokacin da kayan da aka yi ta dominsu suka ƙare. Noman gujiya ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 1960, farin 1973 da 1974 ya karya shi, cutar da ta kama shuka a 1975 ta ƙarasa. Manoma suka koma ga hatsi da wake, a yankin Cadawa da Agye da Gazawa kuma aya ta samu gurbi. Wake da aya da bisashe, kasuwarsu a Najeriya take. Ke nan an gama gina hanyar yamma, kaya suka sake juyawa kudu.

5. Garuruwan bakin hanya

Duk da haka kwalta ta sake fasalin ƙasa. A 1972 aka ware Agye da Gidan Runji aka mayar da su mazaunin hukuma. Tsibiri ce fadar Sarkin Gobir, ta fi Gidan Runji tarihi nesa ba kusa ba, amma kusancinta da Maraɗi ya sa ba ta dace da zama cibiyar yammacin ƙasar ba, sai aka kai ofis can gaba a bakin hanya. Gazawa, wadda Barth ya sani a matsayin babban gari, ta zauna ƙarƙashin Agye kusan shekara arba'in, ba ta samu gundumarta ba sai 2011. Cadawa ta amfana da zama mararrabar hanyar Mayahi, Tsibiri kuma ta hanyar Dakwaro.

Tsarin da ya fito daga nan kowa ya san shi: kashin baya guda na kwalta, ƴan rassa kaɗan, sauran kuma rairayi. Ƙasar jigawa ce, mota maras ƙarfi ba ta shiga, da damina kuma Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba suna raba ƙauyuka da bakin hanya. Shi ya sa amalanke, na shanu ko na jaki, ya zama motar ƙauye ta haƙiƙa. Shi ke kai taki gona, ya kai dami gida, ya kai buhu kasuwa, ya kai mai naƙuda asibiti. Littattafan da ke magana kan sufuri a Nijar ba safai suke ba shi ko shafi guda ba, alhali da za a auna nauyin abin da ke motsi a gundumomin nan uku a rana, ba mu zaton mota za ta rinjaye shi. Ayyukan da asusun FIDA ya ɗauki nauyi a Agye, da waɗanda suka biyo baya a faɗin jihar, sun fahimci wannan gwargwado, suka sa hanyoyin marmara masu haɗa ƙauye da kasuwa cikin shirinsu. Matsalar hanyar marmara ita ce gyara: mai ba da kuɗin gini ba shi ne mai ba da kuɗin gyara ba.

6. Wa ya ɗauki fasinja?

Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda yaran kantunan Turawa da ƴan barandan gujiya suka zama manyan attajirai, da yadda suka zuba dukiyarsu a manyan motoci da cinikin tsallaka kaya zuwa Najeriya. A ƙarƙashin waɗannan akwai wani mataki da bai samu irin wannan nazari ba, wato masu ƙananan motocin kasuwa: a-kori-kura ta Peugeot, daga baya hayis ta Toyota, da tsofaffin Land Rover masu iya rairayi.

Waɗannan motoci kalandar kasuwanni suke bi. Kowace kasuwar ƙauye tana da ranarta a mako, mota tana tashi da safe daga Maraɗi ko Tasawa da ƴan tireda, ta komo da yamma da buhuna da awaki da mutane. Ba ta tashi sai ta cika. Mai kallo daga waje yakan ɗauki wannan rashin tsari ne, amma lissafi ne: inda kuɗin mota ya yi ƙasa, mai da kayan gyara suka yi tsada, babu mai iya tashi da rabin lodi. Ɗan kamasho ne ke tara fasinja, ƙungiyar direbobi ke tsara layi a tasha, karen mota ke ɗaure kaya ya karɓi kuɗi. Kamfanin gwamnati ya riƙe dogon zango tsakanin manyan birane, bai taɓa sauka zuwa wannan mataki ba.

Tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da karyar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sun raunana kamfanonin gwamnati, suka ninka kuɗin sabuwar mota da taya. An kafa asusun gyaran hanya mai suna CAFER a 1999, da fatan kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya da harajin mai za su riƙe kwalta. Daga shekarun 2000 kamfanonin bas masu zaman kansu, irin su Rimbo da Azawad da EHGM da Sonef, suka kawo tikiti da lokacin tashi tabbatacce. Ci gaba ne na gaske ga mai zuwa Yamai ko Damagaram. Ga mutumin Gangara ko Gidan Sori mai son zuwa kasuwar da ke kilomita talatin daga gidansa, bai canja kome ba.

7. Cikin birnin Maraɗi

Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin kwarin Gulbi, hukumar mulkin mallaka ta ɗauke shi ta hau da shi tudu, ta zana masa tituna masu faɗi a miƙe. Birnin ya gaji filin titi wadatacce, abin da tsofaffin birane irin su Kano da Katsina ba su da shi a cikin ganuwa. Amma faɗin titi daban, kwalta daban. Jama'a ta tashi daga kimanin 45,000 a 1977 zuwa 110,000 a 1988, ta kusa 150,000 a 2001, ta haura 267,000 a 2012, kuma tun da kwari ya tare yamma, sai garin ya miƙe ta sauran sassa, nisa ya ƙaru tsakanin gida da kasuwa. Ba a taɓa samun tsarin bas na cikin gari mai ɗorewa ba. Bikin 18 ga Disamba na 2015, wanda aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya, ya ƙara wa birnin titunan kwalta da fitilu, amma bai taɓa batun abin hawa ba.

Kabu-kabu ne ya cike giɓin. Sana'ar daga Najeriya ta shigo, ta bazu a shekarun 1990 lokacin da aikin albashi ya yi wuya, ta ƙara bunƙasa da zuwan babura masu arha na Sin da Indiya. Abin da ya riƙe ta shi ne man Najeriya mai tallafi, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalba a bakin titi. Keke mai ƙafa uku ya biyo baya da sunansa na Kano, a-daidaita-sahu, wanda ya samo daga shirin gwamna Ibrahim Shekarau. Hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 ya ƙara masa kasuwa a can, ya kuma yaɗa shi a maƙwabta. Yawancin matasan da ke wannan aiki a Maraɗi ƴan ƙauyukan kewaye ne, inda gona ta tsuke saboda yawan magada. Da rani suna bisa babur, da damina suna bisa kunya. Don haka batun zirga-zirgar birni da batun ƙarancin gona a Agye da Gidan Runji magana ɗaya ce, ko da yake ofisoshi daban-daban ke kula da su.

Dogaron nan da kudu yana da farashi. Najeriya ta rufe iyaka daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sake datse ta har Maris 2024. Cire tallafin mai da shugaba Tinubu ya yi a Mayun 2023 ya kawar da ratar farashin da ƴan ruwa-ruwa ke ci, duk da cewa Nijar tana da matatarta ta SORAZ tun 2011. A yammacin jihar kuma, daga 2019, hare-haren ƴan bindiga daga wajen Zamfara da Sakkwato da Katsina sun koro dubban ƴan gudun hijira zuwa gundumar Gidan Runji, suka sa wasu hanyoyin kasuwa na bakin iyaka suka zama abin tsoro. Babur ɗin da ya buɗe ƙauye ga kasuwa shi ne kuma abin hawan ɓarayin daji.

8. Dogo

Tun zamanin Faransa ake maganar kawo jirgin ƙasa Maraɗi, kullum ta yamma, daga Paraku ta Doso. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 zuwa 2016 bai yi aikin da aka yi shi dominsa ba. A Janairun 2021 gwamnatin Najeriya ta sa hannu da kamfanin Mota-Engil na Fotugal a kan layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, bisa kuɗi kusan dala biliyan biyu, aka aza harsashi a Fabrairun shekarar. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A Najeriya an yi ta cece-kuce kan dalilin kai dogo wata ƙasa. A tarihance kuwa layin bai yi kome ba illa komawa kan sawun da buhunan gujiya suka bi kafin Opération Hirondelle.

In jirgin ya fara aiki, Maraɗi za ta zama bakin dogo kamar yadda Paraku da Ƙauran Namoda da Nguru suka zama a zamaninsu, kuma manyan motocin da za su kwashe kaya daga tasharsa zuwa Damagaram da Tawa da Agadas za su bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, ko ta Tsibiri da Gidan Runji, a kan kwalta mai layi biyu da ke ratsa tsakiyar kasuwannin waɗannan garuruwa, inda amalanke da babur da ɗan makaranta ke raba ta da tirela.